Wai mece ce "libaraliyya" da ake jifan mutane da ita?

Ɗan_Mabera:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya, kuma don Allah masu ilimi su ba ni amsa ta ilimi. Shekaranjiya da la'asar sakaliya an kama wani yaro a bakin layinmu, aka ce ya zare wa wata mata waya daga jaka. Kafin ka ce kwabo matasa sun yi masa ca, wani da gora, wani da bel. Na shiga tsakani na ce a dakata a kai shi wurin hukuma a ji ta bakinsa, tunda ko wayar ba a gani a jikinsa ba. Allah ya taimaka wani dattijo ya goya min baya, aka ɗora shi a babur aka tafi da shi, leɓensa na zubar da jini. Da dare a majalisarmu wani abokina ya ce tun da na shiga jami'a na zama ɗan libaral. Yadda ya furta kalmar sai ka ce cewa ya yi na bar salla, abin ya tsaya min a rai.

Ga inda kaina ya ɗaure. A wa'azi ina jin ana cewa libaraliyya watsar da addini da tarbiyya ce. A rediyo ina jin "masu sassaucin ra'ayi" in ana labarin zaɓen Iran ko Amurka. A aji kuma malaminmu na tattalin arziki ya ce cire tallafin mai da sakin naira ta nemi darajarta a kasuwa sabuwar libaraliyya ce. Ta yaya kalma guda za ta ɗauki hana dukan yaro, da barin addini, da tsadar fetur? Daga ina ta fito, kuma me take nufi a asali?

Bagobiri_77:
Wa alaikumus salam. Abokinka bai san abin da yake faɗa ba. Abin da ka yi Musulunci ne tsantsa. Hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kan wanda ya musa, wannan ko yaron Islamiyya ya haddace shi a Arba'una Hadisi. Ba sai Bature ya koya mana ba a hukunta mutum a bakin titi ba.

Zarah_Arkilla:
Ina biye. Ni ma an taɓa kirana da sunan nan don kawai na ce a bar ƙanwata ta gama sakandare kafin a yi maganar aure.

Malamin_Dundaye:
Ɗan_Mabera, ruɗanin ba naka ba ne, kalmar ce ta yi doguwar tafiya tana sauya riga a hanya. Tushenta Latin ne, liber, wato ɗa, wanda ba bawa ba. Ba ta zama sunan ɓangaren siyasa ba sai a Sifaniya, a majalisar da ta fara zama a 1810 ta fitar da kundin tsarin mulki na birnin Kadis a 1812. Waɗanda suka tsaya a kan sai an ɗaure sarki da rubutacciyar doka, su aka fara kira da sunan.

Amma tunanin ya girmi sunan. Turai ta shafe fiye da shekara ɗari Katolika da Furotesta suna yanka juna. Yaƙin Shekara Talatin kaɗai, 1618 zuwa 1648, ya ci miliyoyin rayuka a ƙasashen Jamus. Ingila ta yi yaƙin basasa har aka fille kan Sarki Charles na Ɗaya a 1649. A 1688 aka kori Sarki James na Biyu, a 1689 majalisa ta gindaya wa magadansa sharaɗi: babu sa haraji, babu dakatar da doka, sai da yardarta. A shekarar nan ce rubuce-rubucen John Locke suka fito, kuma abu biyu ya kafa. Na farko, mutum yana da haƙƙi a kan ransa da 'yancinsa da dukiyarsa tun kafin a yi gwamnati, gwamnati amana ce da jama'a suka damƙa don a tsare musu waɗannan, in ta ci amanar suna da ikon sauke ta. Na biyu, takobin hukuma ba ya dasa imani a zuciya, don haka sarki ya daina tilasta wa mutane cocinsa.

Daga nan kowa ya ɗora tubalinsa. Montesquieu na Faransa a 1748 ya ce kada mai yin doka da mai zartar da ita da mai yanke hukunci su zama mutum guda. Adam Smith a 1776 ya ce gwamnati ta daina ba wa wasu 'yan gata ikon mallake ciniki su kaɗai. Amurka a 1776 da Faransa a 1789 suka mai da maganganun nan sanarwa ta ƙasa.

In ka zuba duka a rariya ka tace, abin da zai saura shi ne tsoron mai iko. Ko sarki ne, ko shugaban coci, ko taron jama'a da gora a hannu, a shata masa iyakar da ba zai ƙetare ba a kan mutum guda. Ta wannan fuskar abokinka bai yi nisa da gaskiya ba, ko da yake zagi ya nufa.

AbuHafsat:
Allah ya saka wa Malam, amma ya kawo tarihi ya tsallake ƙashin bayan maganar. Tambayar da ta raba mu da su guda ce: wa ke da ikon halattawa da haramtawa? A wurinmu Allah ne. A wurinsu mutum ne, shi ne ma'aunin kansa. John Stuart Mill ya faɗe ta ƙarara a littafinsa kan 'yanci na 1859, cewa ba a hana baligi yin abu sai in zai cutar da wani. To ka ɗora giya a kan wannan ma'auni, ka ɗora caca, ka ɗora zina da yardar juna, ka ga abin da zai fito. Abin da muke gani a ƙasashensu yau ba hatsari ba ne, irin da aka shuka ne ya yi tsiro.

Mu kuwa an ba mu misalin mutanen da ke cikin jirgin ruwa, wasu a sama wasu a ƙasa. Na ƙasa suka ce bari mu huda ɓangarenmu mu ɗebi ruwa ba tare da mun dami kowa ba. In aka ƙyale su kowa ya nutse, in aka riƙe hannunsu kowa ya tsira. Hadisi ne a Bukhari. Ina da 'ya'ya biyar, wayar hannu ta shigo min gida da abubuwan da ban gayyata ba, kuma duk da sunan 'yanci suke zuwa. Saboda haka in malami ya hau mumbari ya gargaɗi mutane kan libaraliyya, ba jahilci ne ya sa shi ba.

Ɗan_Mabera, ka yi daidai da ka ceci yaron nan. Amma ka kira abin da sunansa, adalci. Kada ka ari riga alhali kana da taka.

Malamin_Dundaye:
AbuHafsat, saɓanin da ka nuna na gaske ne, ba zan shafa masa mai ba. Ƙa'idar Mill da umarni da kyakkyawa da hani da mummuna ba sa zama a tabarma guda ba tare da gogayya ba. Abu biyu kawai zan ƙara. Locke ba mulhidi ba ne, da addini ya kafa hujjarsa: mutane halittar Ubangiji ne, don haka babu mai ikon halaka wani ko bautar da shi yadda ya ga dama. Har cewa ya yi kada a lamunci wanda bai yarda da samuwar Allah ba, don a ganinsa rantsuwarsa ba ta da abin riƙewa. Ka ga ke nan gidan ba ɗaki ɗaya ba ne.

Na biyu, su kansu sun gane matsalar da kake faɗa. John Rawls, wanda ya fi kowa tasiri a fagen nan a ƙarni na 20, ya fitar da littafi a 1993 yana rarrabe libaraliyya a matsayin aƙidar rayuwa da libaraliyya a matsayin ƙa'idar zaman tare. Ta biyun ba ta ce ka bar abin da ka yi imani da shi ba. Tambayarta ita ce: ga mutane da addinai daban-daban a ƙasa guda, babu mai niyyar barin nasa, a kan wane sharaɗi za su zauna ba jini? Duk wanda ya san unguwar Old Airport a nan Sakkwato ko ya shiga kasuwa ya ga Inyamurai da Yarbawa da shagunansu ya san tambayar ta shafe mu.

AbuHafsat:
Na ji, Malam. Sai dai ko ita ƙa'idar zaman taren, wani ne zai rubuta ta, kuma da tunaninsa zai rubuta. Madina ta yi sahifa da Yahudawa ba tare da an ajiye wahayi a gefe ba.

Jikan_Giginya:
Ni kam tun da aka fara ambaton Locke da Mill jinina ke tafasa. A bar maganar littafi, a dubi aiki. Locke ɗin nan da ya rubuta cewa an haifi mutum ɗa, yana da hannun jari a kamfanin Ingila da ke safarar bayi daga gaɓar Afirka. Thomas Jefferson da ya rubuta cewa an halicci mutane daidai, ya mallaki bayi sama da 600 a rayuwarsa. Mill ya yi wa kamfanin da ke mulkin Indiya aiki shekara 35, kuma a cikin littafin 'yancin nan nasa ya ce mulkin danniya halal ne a kan al'ummomin da ya kira marasa wayewa. Tocqueville na Faransa ya goyi bayan mamaye Aljeriya.

Ba sai mun je nesa ba. A Disamban 1905 jam'iyyar Liberal ta karɓi mulki a Ingila, Winston Churchill ya zama ƙaramin ministan ƙasashen mallaka. A Maris na 1906, ƙarƙashin wannan gwamnati, sojojin Lugga suka je Satiru, nan kudu da birni, suka buɗe wa talakawa masu gatari da fartanya bindiga mai ruwan harsashi. Masana tarihi na ƙiyasta kimanin mutum 2,000 aka kashe, aka rushe garin har yau bai sake tashi ba. Gwamnatin nan ce kuma a 1908 ta kafa dokar biyan tsofaffin Ingila fansho. Tausayi a gida, wuta a Satiru. Duk lokacin da na bi hanyar nan sai na tuna.

Bagobiri_77:
Allahu akbar. Wannan ba a koya mana shi a makaranta ba.

Hadiza_Tarihi:
Yaya Jikan_Giginya, duk abin da ka faɗa haka yake. Amma akwai ɗaya rabin labarin. Bayin Haiti sun ji Faransawa na shelar 'yanci da daidaito, suka ce to mu fa? Suka tashi a 1791, suka ci Faransa da yaƙi, suka ayyana ƙasarsu ranar 1 ga Janairu 1804, makonni kaɗan kafin Shehu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu. Masu neman 'yancin kai a Indiya da nan Nijeriya su ma da kalmomin Turawan suka ɗaure Turawan. Mai maganar ya ci amanarta, wannan tabbas ne. Abin da nake tambaya shi ne ko cin amanarsa ya ƙaryata maganar.

Alhaji_Illela:
Salamu alaikum. Ni ban yi boko mai zurhi ba, ɗana na ya karanta min abin da kunka rubuta, ni ce shi rubuta min nawa. Shekara talatin ina kai albasa da hatsi Ƙonni ina ɗauko kaya. Da anka ruhe boda cikin watan Agusta 2019, sai Disamba 2020 anka buɗe. Da idona nig ga buhunan albasa sun ruɓe cikin mota, ruwa na ɗiga ƙasa, ƙuda sun ruhe su. Anka sake ruhewa 2023 bayan juyin mulkin Nijar. Mu da mutanen Ƙonni uwa ɗaya uba ɗaya muke, ƙanwata can take aure. Kuma wa yac ci riba? Mai hanya. Wanda ya san wanda za shi ba wani abu shi wuce da dare, shi yay yi kuɗɗi. Ƙaramin ɗan kasuwa shi yam mutu.

In wanga Adamu Simit cewa yay yi a bar mutane su yi cinikinsu, to ni ina bayanshi. Kuma malamanmu sun karantar da mu cewa an yi tsada Madina, sahabbai sunka ce Manzon Allah (SAW) shi yanke musu farashi, yaƙ ƙi, yac ce Allah shi ne mai sa farashi.

Tsohon_Akawu:
Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Amma ni da na ga SAP, shirin tsuke bakin aljihu na zamanin Babangida, da idona ba zan yi saurin tafa wa kasuwa ba. Ina ƙaramin ma'aikaci a sakatariya lokacin da Janar Babangida ya sa aka yi muhawara a 1985 kan karɓar bashin IMF. Jama'a suka ce ba sa so. Aka ce to an fasa, sai ga shi a 1986 an kawo sharuɗɗan nan duka da sunan shirin gida. Kafin nan naira da dala kusan kai ɗaya suke, cikin 'yan watanni dala ta koma wajen naira huɗu. Albashi yana nan inda yake. Na tuna ranar da uwargida ta ajiye min kwanon tuwo ba nama, ta ƙi haɗa ido da ni, ta ce kuɗin cefane bai kai ba. Asibiti aka koma rubuta maka magani ka je ka sayo. A 1989 ɗalibai suka yi bore a kansa.

Ranar 29 ga Mayu 2023 da aka ce tallafi ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, sai na ji kamar an dawo da ni 1986. In wannan ne 'yanci, na mai jari ne. Mai yunwa da aka ce masa yana da 'yancin sayen abin da ya ga dama, me aka ba shi?

Malamin_Dundaye:
Baba Tsohon_Akawu, tambayarka ta ƙarshe ita ce ta tsaga gidan libaraliyya gida biyu, kuma a nan amsar Ɗan_Mabera take kan batun fetur.

Na farkon su, a ƙarni na 19, gwamnati suke tsoro. Nasararsu babba ita ce soke harajin shigo da hatsi a Ingila a 1846, don burodi ya yi araha. Sai masana'antu suka cika da yara ƙanana masu aikin sa'o'i goma sha, unguwannin ma'aikata suka cika da cuta. Wasu daga cikinsu, irin su T. H. Green da L. T. Hobhouse, suka ce ashe ba sarki kaɗai ke tauye mutum ba, talauci da jahilci da ciwo ma suna yi, don haka gwamnati ta shigo da makaranta da asibiti da fansho. Keynes da Beveridge, wanda rahotonsa na 1942 ya zama harsashin tsarin jin daɗin jama'a na Birtaniya, duka 'yan jam'iyyar Liberal ne. A Amurka tun zamanin Roosevelt a 1933 kalmar ta koma nufin mai son gwamnati ta tallafa wa talaka, shi ya sa rediyo ke fassara ta da sassaucin ra'ayi.

Sai Hayek ya fito a 1944 ya ce wannan hanya za ta kai ga bauta, gwamnatin da ke riƙe da abincinka tana riƙe da bakinka. Shi da su Milton Friedman suka kafa ƙungiya a Mont Pelerin ta Suwizalan a 1947. Thatcher ta Birtaniya a 1979 da Reagan na Amurka a 1981 suka ɗauki ra'ayin, Bankin Duniya da IMF suka kawo mana shi. Ita ce sabuwar libaraliyyar da malaminku ya faɗa. Ka ga Alhaji da Baba duka suna da dangi a gidan, kuma dangin ba sa ga maciji da juna. A Ostireliya ma jam'iyyar da ake kira Liberal ita ce ta masu ra'ayin riƙau.

Sani_Waya:
A yi adalci dai. Kafin 2001 layukan waya a ƙasar nan duka ba su kai rabin miliyan ba, sai gidan wane da wane. Da aka buɗe wa 'yan kasuwa fage yau mai tallan goro ma yana da waya, kuma da gyaranta nake ciyar da iyalina. Wutar lantarki kuma an sayar a 2013, har yau da janareta nake aiki. Ba kowane buɗewa ne alheri ba, ba kowanne ne sharri ba.

Almajirin_Hubbare:
Abin da ke ba ni takaici, muna zaune a Sakkwato muna ta Locke da Mill kamar ba a taɓa rubuta komai kan iyakar mai mulki a garin nan ba. Ku buɗe Kitabul Farƙ na Shehu. Ya lissafa halayen sarakunan da ya yaƙa ɗaya bayan ɗaya: ɗora wa talakawa jangali da kuɗin gari, ƙwace dukiyar mutane, karɓar gaisuwa kafin a saurari ƙara, hukunta mutum da son rai ba da shari'a ba. A Bayanu Wujubil Hijra ya kawo maganar nan da kowa ya sani, cewa mulki yana ɗorewa da kafirci amma ba ya ɗorewa da zalunci. Malam Abdullahi na Gwandu da ya ga wasu daga cikin jama'a sun fara karkata ga dukiya da sarauta, barin rundunar ya yi ya nufi gabas, mutanen Kano suka tsayar da shi, a can ya rubuta musu Diya'ul Hukkam kan yadda ake mulki. Sarkin Musulmi Bello ya rubuta Usulus Siyasa.

Kafin su, malaman usulu irin su Gazali da Shaɗibi sun ce shari'a ta zo ne don tsare abu biyar: addini, rai, hankali, zuriya, dukiya. Ibn Khaldun a 1377 ya rubuta cewa haraji mai nauyi yana kashe kasuwa, kuma shigar sarki cikin ciniki cutar da talakawa ne, shekara kusan 400 kafin Adam Smith. Rifa'a Ɗahɗawi, malamin Azhar da ya zauna a Faris daga 1826 zuwa 1831, da ya dawo cewa ya yi abin da Faransawa ke kira 'yanci shi ne muke kira adalci da insafi.

AbuHafsat:
Madalla da wannan. Sharaɗi ɗaya: kada gobe wani ya ce Shehu ɗan libaral ne. Shehu ya ɗaure sarki da shari'ar Allah ne, ba da ra'ayin masu rinjaye ba.

Hadiza_Tarihi:
Na yarda da AbuHafsat a nan, kada a sa wa Shehu rigar da ba tasa ba. Amma tunda mun auna Turawa da aikinsu ba da littafinsu kaɗai ba, mu auna kanmu da mudu guda. Daular nan tamu ta yi bayi masu yawa, a rinji da cikin gidaje, kuma ba a haramta bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Tunisiya, ƙasar Musulmi, ta soke ta tun 1846. Littattafan nan da Almajirin_Hubbare ya lissafa suna nan a ajiye lokacin da NEPU ta tashi a 1950 tana kuka da zaluncin 'yan doka da kotunan En'e. Rubuta wa sarki nasiha abu ne, kafa abin da zai tsayar da shi in ya ƙi ji wani abu ne daban. A nan nake ganin akwai abin dubawa a wurin mutanen nan: zaɓe mai wa'adi, alƙalin da ba a iya tsigewa da baki, jaridar da za ta fallasa.

Zarah_Arkilla:
Na dawo kan tawa. Da aka kira ni 'yar libaral saboda karatun ƙanwata, kakata ce ta kashe maganar. Ba ta san Mill ba, ba ta san Mary Wollstonecraft da ta yi rubutu kan haƙƙin mata a 1792 ba. Cewa ta yi Nana Asma'u 'yar wa ce? Wa ya naɗa wa jajis malfa ya tura su ƙauyuka su karantar da mata 'yan taru? Shehu da kansa a Nurul Albab ya zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci suna karantar da na waje. Kawuna ya yi shiru, yarinya tana aji biyu a kwalejin jinya yanzu.

Amma kuma ban manta ba, matan Arewa ba su jefa ƙuri'a a babban zaɓen ƙasa ba sai 1979, zaɓen da ya kawo Alhaji Shehu Shagari, alhali matan kudu sun riga mu da shekaru. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri a kan wannan. A lokacinta ma an ce tarbiyya take ɓatawa.

Barista_Gawon_Nama:
Ta fuskar doka, ko mun so ko mun ƙi muna rayuwa a cikin abin nan. Babi na huɗu na kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 jerin haƙƙoƙi ne: sashe na 33 rai, 34 mutunci da hana azabtarwa, 35 'yancin walwala, 36 sauraron kowane ɓangare da ɗaukar wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai an tabbatar, 38 addini, 39 faɗin albarkacin baki. Asalin shigarsu kundinmu shawarar Hukumar Willink ce ta 1958, da aka kafa saboda fargabar ƙananan ƙabilu gab da samun 'yancin kai. Sashe na 45 kuma ya ba da damar taƙaita wasu daga ciki saboda tsaro, zaman lafiya ko tarbiyyar jama'a, don haka ba sakaka aka bar su ba.

AbuHafsat, ka lura da wannan: sashe na 38 ɗin nan shi lauyoyi suka riƙe har Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai Musulmi mata 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnatin Legas a 2022. Inda kake da rinjaye kana ganinsa kamar ƙofa ce ga ɓarna. Inda kai ne tsiraru shi ne garkuwarka.

AbuHafsat:
Barista, na san shari'ar, kuma na yi murna da ita. Amma Faransa uwar 'yancin ce ta hana hijabi a makarantun gwamnati a 2004. Garkuwar tana aiki ne gwargwadon wanda ke riƙe da ita.

Ɗan_Mabera:
Na gode ƙwarai, na karanta komai har sau biyu. Har yanzu ban san ko in karɓi sunan ko in mayar wa abokina kayansa ba. Amma ga abin da ya fi damuna yanzu. Da safen nan mahaifiyar yaron ta zo ƙofar gidanmu, wani ya nuna mata ni. Mai wankau ce, hannunta duk ya yi fari da sabulu. Ta ce yau kwana uku yana tsare inda aka kai shi, ba a kai shi kotu ba, ba a ga waya ba, matar da ta yi ƙarar ma ba ta koma ba, kuma an ce ta kawo kuɗi kafin a sake shi. Ni na ce a kai shi wurin hukuma. Na raba shi da gora, ban san inda na jefa shi ba.

Barista_Gawon_Nama:
Wannan ya saɓa wa sashe na 35. In akwai kotu a cikin tazarar kilomita 40, kwana ɗaya doka ta bayar a gurfanar da mutum, kuma beli ba a sayar da shi. In yaron bai kai shekara 18 ba ma akwai ƙarin kariya. Ka turo min saƙo ta akwatin sirri, kada ka rubuta sunansa ko wurin a nan. Ka ce wa mahaifiyar kada ta ba kowa ko sisi, ta samo wani babba mai katin shaida da zai tsaya masa. Gobe ƙarfe tara zan iya zuwa.

AbuHafsat:
Barista, in babu mai tsaya masa ni zan tsaya, ina da katin aiki. Ɗan_Mabera ka haɗa ni da su. Maganar wa ke da ikon halattawa da haramtawa kuma tana nan, Malam bai gama ba ni amsa ba.

Malamin_Dundaye:
Tana nan, AbuHafsat. Ku fara fito da yaron.